Farashin gaskiya da kuɗin ruwa: yadda malaman Katolika ke auna ciniki

Ɗan kasuwa ya kawo buhunan alkama garin da ake yunwa, ya iske farashi ya hau. Ya san akwai ayari bayansa, nan da kwana kaɗan farashi zai faɗi, mutanen gari kuwa ba su da labari. Dole ne ya gaya musu?

Wannan tambaya tana cikin littafin Toma Akwinas, malamin Katolika ɗan Italiya da ya rasu a 1274. Ya amsa cewa in mutumin ya sayar a farashin ranar bai yi zalunci ba, amma da zai faɗa, ko ya rage kuɗin, da ya fi kirki. Ɓoyayyen aibi kuma wani abu ne daban: wanda ya sayar da gurgun doki a matsayin mai gudu ya ci haƙƙi, sai ya biya.

Irin wannan awo shi ne aikin fannin da Katolika ke kira ilmin ɗabi'a na addini, wanda duk mai son zama fada sai ya karanta. Ya bunƙasa ne saboda buƙata. A 1215 wani babban taron coci a Roma ya wajabta wa kowane mabiyi ya je gaban fada ya furta zunubansa aƙalla sau ɗaya a shekara. To, masu zuwa ɗin har da fatake da masu ba da bashi, fada kuwa sai ya san abin da zai ce musu. Daga nan littattafan mas'aloli suka yawaita. Ana duba abu uku: aikin kansa, niyyar mai shi, da halin da aka yi shi. Hujja kuma daga Littafi Mai Tsarki, da koyarwar magabata, da hankali. Wasu malamai sun sassauta har ana yi musu ba'a, wasu sun tsananta. Alfonso Liguri, lauya ɗan Napoli da ya zama fada, ya rasu a 1787, shi ya yi suna da bin tsakiya. Makarantar wannan fanni da ke Roma sunansa take ɗauke da shi.

Inda aka fi kai ruwa rana shi ne kuɗin ruwa. A 1179 coci ta yanke cewa wanda ya shahara da cin ruwan bashi ba za a yi masa jana'izar Kirista ba. Amma ciniki ya faɗaɗa, malamai suka fara tambaya: in mai kuɗi ya yi asara saboda bashin da ya bayar fa? In dukiyarsa na cikin haɗari fa? A 1462 aka buɗe wani gidan lamuni a birnin Peruja don talakawa, suna ajiye jingina, suna biyan ɗan abin da zai riƙe gidan. An yi ta gardama a kai har 1515, lokacin da coci ta amince. A 1745 Paparoma Benedikt na 14 ya sake haramta neman ƙari don bashi kawai, amma ya bar ƙofa ga waɗancan dalilai. Yau coci ba ta hana ruwa daidai kima na banki, tana dai la'antar wanda ke shaƙe mabukaci. A ganina nan ne fannin ya fi ban sha'awa, don mai tsananin ra'ayi zai ce an ja da baya, malamansu kuwa su ce kuɗin ne ya canza aiki.

Bayan babban taron Batikan na 1962 zuwa 1965 an nemi a rage lissafin zunubi, a koma ga Littafi. Yanzu ana muhawara kan aikin likita, da muhalli, wanda Paparoma Faransis ya yi wa wasiƙa guda a 2015, da kasuwar hannun jari.

Kasuwa dai ba ta fita ba. Littafin koyarwar coci na 1992 ya hana ha'inci a ciniki, da biyan ma'aikaci abin da bai kai ba, da dabarar ɗaga farashi da gangan don a ci ribar wahalar mutane. Duk wadda ta taɓa aron tiyar hatsi da damina ta biya biyu da kaka ta san abin da ake nufi.