Bayan Cire Kaki: Wa Ke Riƙe Hannun Baƙin Sojojin Faransa?

Muddin soja yana bariki, wani ne ke yanke masa lokacin tashi, lokacin cin abinci da inda zai kwana. Albashi na shigowa a kan kari, likita na nan kusa. Ranar da kwangilarsa ta ƙare ya miƙa kayan gwamnati ya fito, duk wannan tsari ya tsaya. Ɗan ƙasa yakan koma gidan iyayensa ya huta kafin ya san abin yi. Baƙon da ya baro danginsa a wata nahiya kuwa, daga shi sai jakarsa.

Wannan ne halin da ɗaruruwan mutane ke shiga kowace shekara bayan sun bar rundunar baƙi ta Faransa, wadda ake kira Légion étrangère. Sarki Louis-Philippe ne ya kafa ta a 1831. A yau tana da sojoji wajen 9,000 daga ƙasashe sama da 140, har da ƴan Afirka. Hedikwatarta na garin Aubagne kusa da Marseille, kuma kwangilar farko ta shekara biyar ce.

Rayuwar da ta yanke su daga waje

Tsarin rundunar shi ne ta zame wa mutum uwa da uba. Takenta ma a harshen Latin yana nufin cewa rundunar ita ce ƙasarsu. Sabon shiga yakan yi horon kusan wata huɗu a Castelnaudary, inda ake koya masa harbi da faransancin karɓar umarni a lokaci guda. Ana rubuta kowa a matsayin marar aure ko da ya baro iyali a gida, kuma akwai waɗanda ake ɗauka da wani suna da ba nasu na yanka ba, sai daga baya su kawo takardun haihuwa a maido musu da sunansu na gaskiya.

Wannan tsari yana haɗa kan mutanen da ba su jin harshen juna, amma yana da tsada idan an fito. Mutum na iya shafe shekara biyar a Faransa bai taɓa neman gidan haya da kansa ba, bai taɓa rubuta takardar neman aiki ba, bai san ofishin da ake zuwa don inshorar lafiya ba. Faransancin bariki bai isa a karanta yarjejeniyar haya ba. Masu gidaje kuma kan nemi wanda zai tsaya wa ɗan haya idan ya kasa biya, abin da yawanci iyaye ke yi. Wanda ya fita bayan shekara biyar kacal ba ya fara karɓar fansho nan take, don haka ɗan abin da ya tara shi ne jarinsa, idan bai riga ya aika da shi gida ba.

Takardar da komai ya rataya a kanta

Dokar Faransa ta ba wanda ya yi aƙalla shekara uku a rundunar damar samun katin zama na shekara 10, amma da sharaɗi: sai yana da takardar shaidar kyakkyawan hali, wadda shugabanninsa na soja ke bayarwa. Wanda aka hana shi ita, ya rasa wannan hanya, kuma yana iya wayar gari ba shi da izinin zama a ƙasar da ya riƙe wa bindiga. Ba izinin zama, ba aikin da doka ta yarda da shi.

Neman zama ɗan ƙasa ma ba ya zuwa da kansa. Soja na da damar shigar da buƙata bayan wasu shekaru na aiki, amma sai an duba halinsa da yadda ya saje da ƙasar. Tun 1999 akwai dokar da ta ba sojan da aka raunata a fagen daga damar zama Bafaranshe, wadda ake yi wa laƙabi da zama ɗan ƙasa ta jinin da aka zubar.

Masu tallafi

Ma'aikatar tsaron Faransa na da hukuma mai suna Défense Mobilité da ke taimaka wa sojoji masu barin aiki su koyi sana'a su kuma sami ma'aikata. Wanda ya yi shekara huɗu zuwa sama na iya neman hutun koyon sana'a na kwanakin aiki har 120, yana karɓar albashinsa. Tuƙin manyan motoci, gadi da aikin gini na cikin sana'o'in da tsoffin sojoji suka fi shiga.

Rundunar kanta ta daɗe da gane cewa mutanenta ba su da gidan komawa. A 1934 Janar Rollet ya buɗe gidan tsoffin sojoji a Auriol. A 1954, lokacin da masu raunuka ke dawowa daga yaƙin Indochina, aka buɗe wani a Puyloubier, inda mazauna ke noman inabi, suna gina kayan yumɓu da ɗinkin littattafai. Akwai kuma ƙungiyoyin tsoffin sojojin rundunar a garuruwa da dama, waɗanda ke haɗa sabon fitowa da wanda ya riga shi sanin gari.

Sai dai waɗannan gidaje ba sa ɗaukar mutane da yawa, kuma sun fi amfanar tsofaffi da naƙasassu. Matashi mai shekara 27 da ya fito da ƙarfinsa yana buƙatar wanda zai raka shi ofishin takardu, ya tsaya masa wajen mai gida, ya kuma lura idan ya daina barci saboda abin da ya gani a yaƙi. Sojan da aka horar a kan haƙuri ba ya saurin cewa yana cikin damuwa, kuma idan babu uwa ko mata kusa, ba mai ganewa da wuri.

Tarihin da muka sani

Wannan labari ba baƙo ba ne a nan. Faransa ta ɗebi sojojin da ake kira tirailleurs daga dukkan yankunan da ta mallaka a Afirka ta Yamma, har da Nijar. A ranar 1 ga Disamban 1944, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wuta a kan waɗanda suka dawo daga yaƙi suna neman haƙƙinsu. A 1959 aka daskarar da fanshon mazan jiya na ƙasashen da ke samun ƴanci, ba a daidaita shi da na Faransawa gaba ɗaya ba sai a 2011, bayan yawancinsu sun rasu. Sai a 2023 aka yarda tsofaffin da suka rage su koma ƙasashensu dindindin ba tare da sun rasa kuɗin tallafin tsufa ba. Kafin nan dole su riƙa zaman wata shida a Faransa kowace shekara, da yawa a ƙananan ɗakuna su kaɗai. A watan Afrilun shekarar tara daga cikinsu suka sauka Senegal.

Ga mai tunanin tafiya

Rundunar ba ta ɗaukar kowa ta intanet ko ta hannun ɗan tsakani. Sai mutum ya kai kansa ofishinta a cikin ƙasar Faransa da fasfo, ba ta biyan kuɗin jirgi, ba ta nemo biza, kuma mafi yawan masu zuwa ba a ɗaukarsu. Duk wanda ya nemi kuɗi a Facebook ko WhatsApp da sunan zai shigar da kai, ɗan damfara ne.

Wanda ke ciki kuma, ya fara shirin fita tun da sauran shekara guda: ya maido da sunansa na gaskiya, ya kiyaye abin da zai hana shi takardar kyakkyawan hali, ya nemi horon sana'a, ya ajiye kuɗin haya na ƴan watanni. Ƴan uwa a gida su rage masa nauyin aike a wannan lokaci, su riƙa kiransa don jin lafiyarsa. Ƙungiyoyin ƴan Nijar mazauna Faransa ma na iya tambaya ko akwai irin waɗannan matasa a garuruwansu, domin da wuya su zo da kansu su ce suna neman taimako.