Kasa Bayanai Bisa Zangon Kwanaki a Rumbun Kwamfuta

Duk ma'aikacin da ya taɓa zama a ofishin baitulmali ya san tambayar da manya suka fi yi, watau nawa aka tara daga ran kaza zuwa ran kaza. A da, akawu ne yakan bi littattafai shafi-shafi. Yanzu kuwa rumbun bayanai ake tambaya da harshen SQL, wanda aka ƙirƙiro a kamfanin IBM bisa tsarin da Edgar Codd ya shimfiɗa a 1970.

Hanyar da ta fi aminci ita ce a tanadi jadawali biyu. Na farko ya ƙunshi rasidai, kowane da ranarsa da adadin kuɗinsa. Na biyu ya ƙunshi zanguna, kowane da sunansa, da ranar farawarsa, da ranar farawar mai bi masa. Sai a gama su da umarnin JOIN, a tattara rasidan kowane zango da GROUP BY, sa'an nan a haɗa jimla da SUM.

Wani zai ce ai kwamfuta na iya cire shekara daga kwanan wata, mene ne amfanin jadawali na biyu? Amsa ita ce zangon gwamnati ba kullum yake bin kalanda ba. Alal misali, shekarar kuɗi ta Nijeriya a da takan fara ran 1 ga Afrilu ta ƙare ran 31 ga Maris. Daga 1981 ne aka koma Janairu zuwa Disamba, saboda haka ta 1980 wata tara kawai ta yi.

Wurare biyu ne aka fi tuntuɓe. Na farko shi ne iyaka. Umarnin BETWEEN yakan ɗauki ranar farko da ta ƙarshe duka, don haka rasidin da ya faɗo a kan iyakar zanguna biyu sai a ƙirga shi sau biyu. Maganin wannan shi ne a ce ranar rasidi ta kai farkon zango, amma kada ta kai farkon mai bi masa. Na biyu, zangon da ba a tara ko kwabo ba yakan ɓace daga rahoto, sai fa an fara da jadawalin zanguna an yi amfani da LEFT JOIN.

Lalle kwamfuta ba ta gardama, abin da aka tambaye ta shi take amsawa. In jimla ta ƙi daidaita ranar da mai binciken kuɗi ya zo, wanda ya sa hannu a rahoton shi za a kira.