Tseren Baburan Tsibirin Man: Ba Titin Kowa da Kowa Ba Ne

Duk shekara, da zarar watan Yuni ya kama, sai wayoyi su cika da bidiyon babura suna keta tsakiyar gari, gidaje dama da hagu, 'yan kallo sun yi dafifi a bakin shinge. Nan da nan wani saurayi zai ce ai Turawa ma a kan titi suke sheƙa gudu, don haka ba laifi in ya ɗaga ƙafar gaba ranar ɗaukar amarya. Wannan magana ta isa haka nan.

Abin da ke cikin bidiyon tseren TT ne, wanda ake yi tun 1907 a tsibirin Man da ke tsakanin Ingila da Ailan, daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni. Zagaye ɗaya kilomita 60 ne da 'yan kai.

Gaskiya ne titin gari ne, amma bidiyon ba ya nuna cewa doka ce ke rufe shi kafin babur ko ɗaya ya motsa. Babu mota, babu mai tsallakawa, ko mai gida ba ya fito da motarsa sai an buɗe. Ɗaruruwan 'yan sa kai masu rigar ruwan lemo suna tsaye a kowace kwana da tuta a hannu, likitoci na jira, jirgi mai saukar ungulu na shirye. Mahayan ma ba a sakin su a tare; ɗaya bayan ɗaya suke tashi, da tazarar daƙiƙa 10. Kowa na cikin rigar fata da hular kwano, kuma baƙo sai ya haddace hanyar kafin a bar shi ya shiga. A haka mahayi Peter Hickman ya zagaye ta a 2023 da matsakaicin gudun kusan kilomita 219 a awa.

Duk da wannan tanadi, fiye da mahaya 260 sun mutu a kan hanyar tun 1911. A 2022 uba da ɗansa suka rasu a hatsari guda. Saboda haɗarinta aka cire ta daga gasar duniya bayan 1976. To, ina ga mai silifas a titin da ke cike da yara da adaidaita sahu?

Wanda tafiya ta kai shi Birtaniya kuma yake son kallo, sai ya shirya da wuri. Jirgin ruwa na tashi daga Liverpool da Heysham zuwa Douglas, babban birnin tsibirin, kuma gurbi kan ƙare tun watanni kafin lokaci. Masauki ma haka, shi ya sa mazauna ke ba da hayar ɗakunansu, wasu baƙi kuma su kafa tanti. Kallo a yawancin gefen hanya kyauta ne, kujerun rumfa ne na kuɗi. A isa wuri kafin a rufe titi, da ruwan sha, abinci da rigar ruwa, domin a wasu wuraren mutum zai yini ba mafita. Hazo a kan dutsen da hanyar ke bi kan sa a ɗage tsere, don haka a kasa kunne ga rediyon tsibirin.

Idan mai tuta ya ce a ja da baya, a ja. A 2007 babur ya ƙwace ya kashe mahayinsa da 'yan kallo biyu. Taka rufaffen titi don ɗaukar hoto laifi ne da kan kai mutum kotu. Ba a sauka kan titi sai motar da ke shelar buɗe hanya ta wuce, kuma mai hawa babur ya tuna cewa ɓangaren dutse a lokacin gasar ta fuska ɗaya kawai ake bin sa.