Mai Tayar da Kwalbar Bakwaini

Duk uwar da ta haifi bakwaini, a Ganou take ko a Djougou, ta san fargabar jin an ce kwalbar jarirai ta lalace. Ga likita, ga magani, amma na'ura ta mutu. A nan ake neman injiniyan kayan asibiti.

Hippolite Amadi ɗan Nijeriya ne. Ya karanci ilimin injuna a Enugu, daga baya ya tafi Imperial College da ke Landan, inda ya yi digirin digirgir a kan motsin gaɓoɓin ɗan Adam. Ingila ba ta mantar da shi gida ba. Ya riƙa komowa yana tayar da matattun kwalabe a asibitoci, har ya ƙera na'urar taimaka wa jarirai numfashi mai aiki da hasken rana. A 2023 ya ci Kyautar Kimiyya ta Nijeriya, dala 100,000.

Mu iyaye mun saba yi wa 'ya'yanmu fatan zama likitoci kaɗai, alhali makarantar EPAC ta Abomey-Calavi tana koyar da wannan fanni. Yaron nan mai kwance rediyo a tsakar gida, kada mu tsawata masa. Mu tsaya wa karatunsa. Allah Ya raya mana zuri'a.