Sayen Lofe A Kumasi: Ba A Cinikin Biri A Sama

Duk wanda ya tashi a Aboabo, Asawase ko Sabon Zongo ba zai rasa tuna wani dattijo da ke kishingiɗa a ƙofar gida bayan la'asar da lofensa a baki ba. Yau masu shan taba a lofe sun yi ƙaranci ainun, domin sigari ta ƙwace kasuwar. Sai dai cinikin lofen bai mutu ba, ya dai sauya hannu ne. Masu neman sa yanzu su ne 'yan yawon buɗe ido da masu tara kayan tarihi da kuma dillalan da ke tallarsa a Facebook da WhatsApp, inda ake cutar mai saye, wani sa'in kuma mai sayarwar.

Lofe tsohon abu ne a wannan gari. Baturen nan Thomas Bowdich, wanda ya zo Kumasi a 1817, ya ba da labarin lofen zinariya da na azurfa da ya gani a hannun manyan fada. Haka kuma Kyaftin Rattray ya bayyana a littafinsa na 1927 cewa a wurin Tonawa, wato Asante, ginin tukwane sana'ar mata ce, amma lofe mai siffar mutum ko dabba maza ne ke yin sa. Da yawa daga cikin siffofin nan karin magana suke ɗauke da shi, abin da ya sa tsohon lofen yumɓu ke da daraja, kuma ya sa ake yin jabunsa.

To yaya ake gane nagari? Idan na yumɓu ne, mu ƙwanƙwasa shi da farce. Wanda ya gasu sosai yakan ba da amo mai kaifi, wanda kuwa ya tsage ko bai ji wuta ba sai a ji shi dum. Daga nan mu hura iska ta ramin da ake soka kara, mu tabbatar tana fita ba tare da tangarɗa ba, kuma ramin ya faɗa daidai gindin tukunyar, domin idan ya yi sama, tabar ƙasa ba za ta ci wuta ba.

Idan an ce mana tsoho ne, mu leƙa ciki mu kuma sansana. Baƙin da hayaƙin shekaru ya bari yakan kama jiki ya yi kauri, amma wanda aka shafa wa man takalmi da zarar an goga farin ƙyalle zai tona kansa. Mu duba wuyansa da kyau, nan ne ake yawan liƙe karaya da gam.

Na katako kuwa, masu tsadarsu daga saiwar wani icce ake sassaƙa su mai suna briar, wanda ke fitowa a ƙasashen bakin tekun Bahar Rum irin su Italiya da Aljeriya. Mai kyau ba ya da nauyi, mahaɗar kara da tukunya ba ta bar kafa ba, kuma ba a ganin tabon da aka cike aka rufe da fenti.

Duk waɗannan gwaje-gwaje hannu da hanci da kunne ke yin su, ga shi kuwa waya hoto kawai take nunawa. Saboda haka duk wanda ya ga dole sai ya saya ta intanet, ya nemi a ɗauko masa hoton a hasken rana, ciki da waje da gindi, a ajiye kwabo kusa da shi domin a gane girmansa. Kada kuma ya tura kuɗi ta MoMo sai wani nasa ya riƙe kayan a hannu. Wanda ke cikin Kumasi, me zai hana shi takawa zuwa Cibiyar Al'adu ya ga aikin hannu na gaske kafin ya taya? Gani ya kori ji.

Ga 'yan'uwanmu masu gadon irin waɗannan kaya a ɗaki, kada mu yi gaggawar rabuwa da su a kan 'yan sidi kaɗan. Mu kuma sani cewa dokar 1969 ta hana fitar da kayan tarihi daga Ghana sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa.

A ƙarshe, kyan lofe ba ya rage wa taba illa, domin tana jawo ciwon daji na baki da maƙogwaro da huhu. Dokar lafiyar jama'a ta 2012 ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a, ta kuma hana sayar da ita ga wanda bai kai shekara 18 ba. Lofen kaka ya fi amfani a ajiye domin jikoki su gani. Allah ya sa mu dace.