Fumfuna a ɗaki: Haɗarin da ke zuwa da damina

Da zarar damina ta yi nisa, musamman a watan Agusta, ɗakuna da dama a ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo na yammacin jihar Kano kan ɗauki warin danshi, bango kuma ya yi tabo baƙi-baƙi ko kore-kore.

Wannan tabo shi ne fumfuna. Tana yaɗuwa ne ta wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani, waɗanda ke yawo a iska, masu ɗakin kuma su yi ta shaƙa ba su sani ba.

Kwana ɗaya zuwa biyu ya ishe ta tsiro a jiƙaƙƙen bango, ko katifa, ko tabarma. Yoyon rufi, da toshewar indararo, da rufe tagogi saboda sauro duk suna ba ta dama.

A yankin manoma irin wannan, akwai ƙarin wata hanya: ajiye buhunan masara da gyaɗa da ba su gama bushewa ba a ɗakin kwana.

Illa ga huhu

A wani rahoto da ta fitar a 2009, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mazauna gidaje masu danshi da fumfuna sun fi fuskantar tari, da cututtukan numfashi, da tashin asma.

Wani nau'i mai suna Aspergillus kan zauna a huhun wanda ya taɓa yin tarin fuka, ya jawo tari mai jini da rama. Sau da yawa akan zaci tsohon ciwon ne ya dawo, alhali maganinsu ba ɗaya ba ne.

Dangin wannan nau'i ne kuma ke zuba gubar aflatoxin a hatsi. A 2004, gurɓatacciyar masara ta hallaka mutane 125 a Kenya.

Wa za a kira?

Shafa fenti ko farar ƙasa a kan tabon ba ya kawar da ita. Muddin ruwa na shiga, za ta dawo.

Saboda haka aikin farko na magini ne: ya toshe yoyo, ya gyara indararo da yaɓe. Jami'an duba-gari na ƙaramar hukuma kan duba magudanan ruwa da mashigar iska, malaman gona kuwa su nuna yadda ake busar da amfani kafin a kai shi rumbu.

Ƙaramin tabo ana iya wanke shi da ruwa da sabulu, a rufe hanci, a buɗe tagogi, amma kada mai asma ya yi aikin.

Tarin da ya wuce mako biyu kuwa na buƙatar gwaji a asibiti. Idan an sha maganin tarin fuka bai tsaya ba, ya kamata a sanar da likita halin da ɗakin kwana yake ciki, domin ya duba ko za a tura maras lafiyar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano don ƙarin bincike.