Sandar sauti ta iso gida, amma ba ramin jona ta: abin da 'yan ci-rani ba sa dubawa

Bayan wayar salula da farantin sola, wani kayan da ke shiga tsarabar 'yan ci-rani a 'yan shekarun nan shi ne dogon sifikan nan da ake ajiyewa ƙarƙashin talabijin, wanda za ka ga an rubuta Soundbar a jikin kwalinsa. Mu kira shi sandar sauti. A Matameye, babban garin gundumar Kantche da ke jihar Damagaram, fita neman kuɗi zuwa Aljeriya, Libiya, Kano ko Legas ba sabon abu ba ne, kuma kayan lantarki na Kano ba su da nisa, tunda hanyar Daura ta bi ta Ɗan Barto ta shigo garin. Samun sandar ba shi ne wahala ba. Wahalar tana farawa ne lokacin da aka juya bayanta aka ga rami ɗaya ko biyu, alhali a ɗakin akwai dikodar Canal+, da risibar Strong ta kallon tashoshin kyauta, wataƙila har da PlayStation.

Tsohuwar amfilifaya da muka saba gani a gidajen kallo da wajen masu kiɗan biki tana da ramuka jere a bayanta, ja da fari, kowace na'ura da nata. Sandar sauti ba haka aka ƙera ta ba. Kamfanonin sun ɗauka cewa talabijin ce za ta karɓi dukan wayoyi, sannan ta miƙa wa sandar sautin ta waya ɗaya tak. Sonos Beam da Sonos Arc, waɗanda ba su da arha ko a Turai, ramin HDMI ɗaya kawai gare su, kuma na talabijin ne. Ba inda za ka soka dikoda kai tsaye.

Wannan rami shi ake kira ARC. Ya shigo ne a 2009 tare da HDMI 1.4, kuma aikinsa shi ne mayar da sauti daga talabijin zuwa sifika ta wayar da a da aikinta kawai shi ne kai hoto da sauti zuwa talabijin ɗin. A 2017 aka fito da ƙaninsa mai faɗin hanya, eARC, wanda ke ɗaukar manyan nau'o'in sauti irin su Dolby TrueHD da tsohon ARC ba ya iya ɗauka. Abin lura a nan, ba kowane ramin HDMI ne ARC ba. Talabijin na iya samun ramuka uku, amma guda ɗaya ne za ka ga an rubuta ARC a gefensa. Da yawa daga cikin talabijin masu arha, da tsofaffin da aka sayo na hannu, ba su da shi sam. Idan haka ne, ko ka sayo wayar HDMI mafi tsada a kasuwar Sabon Gari, hoto zai fito, sandar kuma ta yi shiru kamar ba a kunna ta ba. Sau da yawa daga nan ake yanke hukuncin cewa kaya ya lalace a hanya, ko an cuci wanda ya aiko.

Hanya ta biyu ita ce wayar haske, wadda ake rubuta Optical ko Toslink a raminta, mai ɗan murfi da jan haske a ciki. Toshiba ce ta fito da ita tun 1983, kuma har yau tana aiki lafiya ga kallon ƙwallo da fina-finan Kannywood. Sai dai ita ma ba ko'ina take ba. Wasu talabijin da risibobi rami mai zagaye suke da shi, wanda aka rubuta Coaxial, kuma duk da cewa sauti iri ɗaya suke ɗauka, wayar wannan ba ta shiga ramin wancan, sai da ɗan akwatin da ke canzawa tsakaninsu. Masu wasan gem kuma su sani: Sony ta cire ramin haske daga PS4 Slim a 2016, kuma PS5 ba ta zo da shi ba.

A ce ma an dace, talabijin na da ARC, an jona, sauti ya fito. Saura batun wucewar sauti, wanda a jerin saitin talabijin ake rubuta Passthrough ko Bitstream. Ma'anarsa, talabijin ta karɓi sautin daga dikoda ta miƙa shi ga sandar yadda yake, ba tare da ta taɓa shi ba. Ba kowace talabijin ke yarda da hakan ba. Wata za ta matse sautin da aka shirya wa sifika shida ta mayar da shi na biyu, sai mai sandar ya biya kuɗin abin da kunnensa ba zai taɓa ji ba. Samsung ta daina saka DTS a talabijin ɗinta tun 2018, LG ma ta cire shi a samfuran 2020. Wannan ya shafe mu fiye da yadda ake zato, domin yawancin kallon fim a nan ba ta intanet ake yi ba, ta filashi ne da ake turowa a shagon masu tura fina-finai, kuma wasu fayilolin da DTS suke zuwa. Ka soka filashi, fim yana tafiya, bakin jarumi na motsi, ba murya. Idan kuma sandar ce ba ta gane nau'in sautin da aka miƙo mata ba, maganin yana cikin saiti: a mayar da fitar sauti zuwa PCM, wanda kowace sanda ke ganewa.

Wasu za su ce ai akwai Bluetooth. Akwai, kuma ya isa a ji waƙa daga waya. Amma ga mai gidan kallo da mutane suka biya kuɗi don wasan Barcelona, jinkirin da Bluetooth ke kawowa abin faɗa ne: ƙwallo ta riga ta shiga raga kafin a ji ihun mai sharhi. A ganina ma, mai gidan kallo bai kamata ya sa kuɗinsa a sandar sauti ba. An yi ta ne don falon da mutum huɗu ke zaune, ba rumfar kwano mai ɗaukar mutum hamsin ba. Amfilifaya da manyan sifiku biyu sun fi masa, kuma duk mai gyaran rediyo zai iya buɗe su.

Sai batun wuta. Yankin Damagaram ya dogara sosai da lantarkin da ke zuwa daga Najeriya, kuma kowa ya tuna yadda aka yi fama bayan da aka katse shi a watan Agustan 2023 sakamakon takunkumin CEDEAO, har zuwa Maris ɗin 2024. Yawan ɗaukewa da dawowar wuta kan sa talabijin da sanda su manta juna, domin ARC ya dogara ne da wani tsari mai suna CEC, wanda Samsung ke kira Anynet+, LG kuma SimpLink. Idan an kashe shi a saiti, ARC ba zai yi aiki ba. Wanda ke aikowa daga Amurka kuma ya duba rubutun da ke jikin na'urar: can wuta 120 ake amfani da ita, nan 220. In ba a rubuta 100 zuwa 240 ba, jonawar farko ce za ta zama ta ƙarshe.

Mafi sauƙin abin da mai aikowa zai yi shi ne ya ce wa ƙaninsa ya ɗauki hoton bayan talabijin ɗin gida, inda rubutun ramukan ke fitowa sarai, ya turo masa ta WhatsApp kafin ya shiga shago. In ba ARC, ba ramin haske, ya nemi sanda mai ramin HDMI IN, wadda dikoda ke shiga cikinta kai tsaye ita kuma ta wuce da hoton zuwa talabijin, ko aƙalla mai ɗan ramin AUX irin na abin sauraro na kunne. In kuwa sandar ta riga ta iso, akwai ɗan akwatin da ke zare sauti daga wayar HDMI ya fitar da shi ta ramin haske, ana sa shi tsakanin dikoda da talabijin. Shi ma yana buƙatar tasa wutar, don haka a ƙara rami ɗaya a lissafin soket.